Me ya sa injiniyoyi ke kashe kwamfutocinsu da gangan?

Masu saurarenmu na Sae Sabuwa da ƴan uwa da ke ci-rani za su tuna ranar Litinin 4 ga Oktoba 2021. Bayan la'asar WhatsApp da Facebook suka ɗauke, sai da aka yi kusan awa shida kafin su dawo. Da yawa cikinmu mun ɗauka kati ne ya ƙare, wasu suka yi ta zagin rezo. Ashe matsalar tana can Amurka: wani umarni da aka bai wa na'ura lokacin gyara ne ya yanke hanyar da ta haɗa cibiyoyin kwamfutocin kamfanin gaba ɗaya.

Saƙon murya da kake tura wa ɗanka a Agadas ko Abijan ba kwamfuta ɗaya ke ɗaukarsa ba. Dubbai ne a jere cikin manyan ɗakuna, suna aiki kamar ƴan gayya a gona. Akwai manhaja da ke matsayin shugaban gayyar: ita ke raba kunya, ta ce wannan ya kama nan, wancan ya kama can. In ɗaya ya faɗi, ta ɗauki kunyarsa ta bai wa na kusa, mai gona ma ba zai sani ba. Wadda ta fi shahara cikin irin waɗannan manhajoji ita ce Kubernetes, wadda Google ya fitar a 2014.

To, wa ya tabbatar cewa in ma'aikacin ya faɗi da gaske shugaban zai lura? A takarda komai daidai ne. Shi ya sa injiniyoyi suka ce gara su kayar da shi da kansu, da rana tsaka, kowa yana wurin aiki, da ya faɗi shi kaɗai ƙarfe uku na dare. Kamar allurar rigakafi ce da ake yi wa yaranmu: a sa wa jiki ɗan abin da zai iya ɗauka don a shirya shi. Kamfanin finafinai na Netflix ya yi suna a wannan fanni da wata manhaja mai suna Chaos Monkey, wato birin hargitsi, wadda ya saki ga kowa a 2012. Aikinta kawai ta zaɓi kwamfuta ta kashe, ba sallama.

Kashewa ma shi ne mai sauƙi. Suna rage gudun hanya da gangan, su cika ma'ajiyar na'ura har ta ƙi karɓar komai, su karkatar da agogonta. Gwajin da ya fi tsoratar da su shi ne raba gayyar biyu: a yanke magana tsakanin rabi da rabi, kowane ɓangare yana raye amma ba ya jin ɗayan. In kowanne ya naɗa nasa shugaba, an shiga uku. Ka ɗauka kuɗi ne aka turo daga Kano, ɓangare ɗaya ya rubuta an biya, ɗayan ya ce ba a biya ba. Don haka ake ajiye shugabanni uku ko biyar, kuma ɓangaren da ke da rinjaye kaɗai ke da ikon yanke hukunci, ɗayan ya dakata. Ko dokar tana aiki? Sai an yanke wayar an gani.

Facebook da kansa ya daɗe yana irin wannan atisaye, yana kashe cibiya guda ko yanki guda don gwaji. Bayan abin da ya faru a 2021, kamfanin ya ce atisayen ne ya taimaka masa ya dawo da komai a hankali ba tare da ya sake rushewa ba, amma ya amsa cewa bai taɓa gwada yankewar babbar hanyar duka a lokaci guda ba. A ganinmu nan ne iyakar dabarar: kana gwada abin da ka iya hangowa ne kawai.

Mu a jihar Maraɗi mun ga irin wannan ba tare da mun nema ba. A watan Agusta 2023, bayan takunkumin CEDEAO, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, kuma layin da ke ba mu wuta daga Katsina yake shigowa ta Gazawa. Wanda janaretonsa ya yi wata da watanni ba a tayar ba, ranar ya san halin batirinsa. Tun daga nan, mu ma a gidan rediyo mukan kashe wuta da kanmu lokaci-lokaci, da safe kafin shirin gaisuwa, mu ga ko batiran sola za su riƙe na'urar watsa shirye-shirye, da minti nawa za mu yi shiru.

Ga ƴan uwa masu turo kuɗi gida kuwa, in kun danna tura rezo ya tsaya bai ce ya tafi ba bai ce ya ƙi ba, kada ku yi saurin sake turawa. Wataƙila na'urorin suna kan daidaita lissafi ne tsakaninsu. Ku ajiye lambar shaidar turawar, ku duba abin da ya rage cikin asusunku, ku kira mai karɓa ya tambaya a wurin wakili kafin ku ƙara danna komai.