Katangar Giga 2 Da Giga 4: Abin Da Ke Yanke Bidiyon Awure A Nima

Jama'a, kamar yadda masu ɗaukar bidiyo suka sani, tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba. Yawancin kwamfutocinmu na Nima da Maamobi kuwa na hannu ne, irin waɗanda ake saya a Tip Toe Lane da ke Circle, kuma da yawansu ba sa ɗaukar Windows 11. Saboda haka wasu samarinmu suka koma Linux, wanda kyauta ne, suna tafiyar da tsofaffin manhajojinsu ta hanyar Wine.

Shi Wine tafinta ne. An fara aikinsa a 1993. Idan manhajar Windows ta nemi wani abu, sai ya juya maganar zuwa harshen da Linux ke ji. To, kukan da muke ji shi ne, da zarar fayil ya yi girma sai aiki ya tsaya, ko a ga bidiyon awure ya yanke kafin a kai amarya. Nan da nan sai a ce Wine ne. A ganinmu, sau da yawa ana ɗora wa tafinta laifin mai magana.

Ga inda gizo ke saƙar. Tsohuwar manhaja mai bit 32, idan ba a rubuta ta da shirin manyan fayiloli ba, ƙidayarta tana ƙarewa ne a wajen 2,147,483,647, wato giga 2. Abin da ya wuce nan ba ta san da shi ba, kuma Wine ba zai ƙirga mata ba. Tsohon tsarin AVI shi ma nan ya tsaya, WAV kuwa giga 4. Kada a ga kamar giga 2 wani abu ne: bidiyon kaset ɗin DV yana cin kusan giga 13 a awa ɗaya, ke nan minti 9 sun isa a ci karo da katanga. Mai ɗaukar tafsirin azumi da sauti irin na faifan CD yana da ɗan sarari, awa 3 da 'yan mintoci.

Katanga ta biyu tana cikin aljihunmu. Filashi da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, ko da filashin na giga 32 ne kuma babu komai a ciki. Wannan ba ruwan Wine, a Windows ma haka yake. Maganinsa a mayar da filashin exFAT, wanda Linux ya karɓa a cikin jikinsa tun 2019. Amma fa a kwashe kaya tukuna, domin sauya tsari yana shafe komai. Sannan wasu tsofaffin talabijin FAT32 kaɗai suka sani. Idan irinsu ke gidan amarya, sai a raba bidiyon kashi-kashi.

Akwai kuma ƙwaƙwalwar aiki. Manhaja mai bit 32 galibi giga 2 take iya riƙewa a lokaci guda, iyakarta 4, ko nawa aka ƙara wa kwamfutar.

Shawararmu ga masu shaguna ita ce a bar wa Wine ƙananan ayyuka, kamar katin gayyata. Babban fayil kuwa a ba manhajojin Linux na asali: Kdenlive don bidiyo, Audacity don sauti. Wanda hannunsa ya saba da tsohuwar manhajarsa, ya nemi mai bit 64 in akwai, ko ya yanka fayil ɗin da FFmpeg kafin ya buɗe. Kuma kada a goge katin kyamara sai an kalli kwafin har ƙarshensa, domin fayil ɗin da ya yanke yakan buɗu lafiya lau a farko.