Walƙiya da tsawa: wace ke riga wata?

Damana lokacin aiki ce ga manoman Ƙonni, Malbaza da Illela. Lokacin hadari ce kuma. Kowa ya san walƙiya ake fara gani, sannan a ji tsawa. Mi ya sa haka? Sanin amsar yana iya tsirar da rai.

Yadda ƙara ke tafiya

In makaɗi ya buga ganga, fatarta tana rawa. A zuba tsabar hatsi bisa fatar, za a ga tana tsalle. Fatar tana tura iskar da ke kusa da ita. Wannan iska ta tura ta gabanta, ita ma ta tura wata. Haka motsin ke bi har ya kai ga kunne. Cikin kunne akwai wata siririyar fata irin ta ganga. In ta motsa, sai mutum ya ji ƙara.

Ana iya ganin irin wannan tafiya ga ruwa. In yaro ya jefa dutsi cikin ruwan madatsar Mozage, igiyar ruwa tana buɗewa kamar zobe, har ta kai gaɓa. Amma karan da ke bisa ruwan ba ya zuwa gaɓa. Sama da ƙasa kawai yake yi, yana wurinsa. Ashe ba ruwan ke tafiya ba, motsin ne. Haka ƙara take cikin iska.

Haske ya fi ƙara sauri

Mutum ya hangi mace tana daka daga nesa. Zai ga taɓarya ta faɗa turmi, sai bayan ta ɗaga ya ji ƙarar. Dalili shi ne ƙara tana cin mita kamar 340 cikin sakan 1. Shi ko haske yana cin kilomita 300.000 cikin sakan 1.

Walƙiya da tsawa tare ake haihuwarsu. Walƙiya wuta ce irin ta lantarki. In ta ratsa iska, sai iskar ta yi zafi ƙwarai, ta buɗe da ƙarfi farat ɗaya. Wannan ita ce tsawa. Hasken yana isowa nan take. Ƙarar tana biyo baya.

Yadda ake auna nisan hadari

Ƙara tana cin kilomita 1 cikin sakan 3. Don haka, da manomi ya ga walƙiya, sai ya fara ƙirga a natse: dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku. Kowace faɗa kamar sakan 1 ce. Ya tsaya da ya ji tsawa. Sai ya raba abin da ya samu gida 3.

In ya ƙirga 3, aradun ta faɗi nisan kilomita 1.
In ya ƙirga 15, kilomita 5 ke nan.
In ya ƙirga 30, kilomita 10 ke nan.

In lissafin yana raguwa, hadari yana matsowa. In bai kai 30 ba, lokacin barin gona ya yi, don aradu tana iya faɗuwa nesa da inda ruwa ke zuba.

Abin da ya kamata a yi

Kada a fake ƙarƙashin gawo ko wani icen da ke tsaye shi kaɗai. Kada a tsaya bisa tudu. Masu su da yara masu wanka su fita daga ruwa. A shiga ɗaki ko mota mai rufin ƙarfe. A jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe, kafin a koma aiki.

Wasu suna tsoron taɓa wanda aradu ta buga. Babu wutar da ta rage jikinsa. A taimake shi, a kai shi gidan likita da gaggawa.

Noman yini guda ana iya ramawa gobe, rai ko ba shi da rance. Ɗaliban yaƙi da jahilci sun iya ƙirga, sun iya rabawa. Sai su koya wa makiyaya da yaran gida wannan lissafi kafin ruwa ya sauka.