Sa hannu a kundi ba horo ba ne: abin da na gano a Mahuta

Mahuta unguwa ce a kudancin kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Chikun, kusa da matatar man fetur da aka buɗe a 1980. Can na nufa a zangon karatun da ya gabata domin duba wata ɗalibata mai neman digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara, wadda muka tura wata makarantar sakandare ta yi horon sanin makamar aiki na mako shida. Sai a mako na biyar na samu zuwa, niyyata in ba da maki, in sa hannu, in kama hanya kafin cunkoson Sabon Tasha.

Na tarar da ita tana koyar da Turanci a madadin wani malami da ya bar aiki. Ofishin da aka ba ta benci ne a kusurwar ɗakin malamai. Kundin aikinta kuwa cike yake, ba abin da za a kushe. Da muka keɓe a gindin darbejiya sai ta ce, "Malam, akwai abin da ban rubuta ba."

Wata yarinya ce ta zo mata da kukan ba ta iya barci, kuma da zarar ta ji ƙarar babura gabanta ya dinga faɗuwa. Ɗalibata ta ce mata ta yi haƙuri ta manta. Daga baya, da niyyar taimako, ta kai maganar ga shugaban makaranta a gaban wasu malamai. Kafin a tashi labari ya zaga, yarinyar ba ta ƙara dawowa ba. Mako uku ɗalibata tana ɗauke da wannan nauyi, ba wanda za ta tambaya. Ta san darasin riƙon sirri, ta ma ci shi a jarrabawa. Abin da ta rasa shi ne malamin da zai zauna da ita tun a makon farko, kuma ni ne wannan malamin.

Tsoron yarinyar yana da tushe. A cikin Chikun aka sace ɗalibai sama da 120 na makarantar Bethel Baptist, a hanyar Kaduna zuwa Kachia, ranar 5 ga Yulin 2021. A cikinta Kuriga take, inda aka kwashi yara sama da 100 a watan Maris na 2024. Yaron da ya tashi yana jin waɗannan labarai, ko da bai taɓa ganin ɗan bindiga ba, da su yake shiga aji. Irin waɗannan yara muke tura masu koyo su saurara.

Fannin ba sabo ba ne a Najeriya. Tun 1959 wasu mata 'yan ɗariƙar Katolika suka fara shirya wa ɗaliban St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan jagoranci kan zaɓen sana'a. An kafa ƙungiyar masu wannan aiki, wadda a yau ake kira CASSON, a 1976, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 kuma ta amince da buƙatarsu a makarantu. A 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta tsara sana'ar. Sai dai doka ba ta zama da ɗalibi ta saurari yadda ya yi da yaro mai kuka.

A Amurka, hukumar tantance kwasa-kwasan fannin, wato CACREP, ta gindaya awa 100 na gwajin farko, 40 daga ciki gaba da gaba da masu neman shawara, sannan awa 600 na horo mai zurfi, 240 daga ciki gaba da gaba. Kowane mako ɗalibi yana da kimanin awa guda tare da mai duba shi, da awa ɗaya da rabi cikin rukuni. Ba na cewa mu kwafi lissafinsu. Hikimar da ke ciki nake nufi: ana gyara kuskure tun yana ɗanye.

Ina ganin abubuwa huɗu sun zama wajibi. Kada sashe ya tura ɗalibi wata makaranta sai da rubutacciyar yarjejeniya cewa akwai ɗaki mai ƙofa, kuma ba za a mayar da shi malamin cike giɓi ba. A tsayar da zaman duba aiki kowane mako, ko da ta waya ne, a kuma biya malamai kuɗin mota kafin horon ya fara. A koya wa ɗalibi iyakarsa, ya san lokacin da zai miƙa yaro, da yardar iyaye, ga ƙwararru irin na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Sannan a riƙa yin atisaye da Hausa, domin a unguwa irin Mahuta, mai tattare da ƙabilu da addinai, da Hausa yara da yawa ke faɗin abin da ke cin ransu, alhali mu da Turanci kaɗai muke koyarwa.

Ban sa hannu a kundin ba ran nan. Na roƙi sashe ya ƙara mata mako huɗu, na riƙa zuwa kowace Laraba, shugaban makaranta kuma ya ba mu ɗakin ajiyar littattafai. Yara sun fara zuwa. Yarinyar nan dai har aka kammala horon ba ta taka ɗakin ba, kuma duk sanda aka miƙo mini kundi in sa hannu, ita nake tunawa.