Lauyar Filaye a Dutse: Digiri Kaɗai Bai Isa Ba, Sai da Jagora

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birni, gonakin kaka da kakanni suka fara komawa fuloti. Zuwan Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 ya ƙara wa ƙasa daraja. Inda fili ya yi tsada kuwa, rigima ba ta nisa, kuma sau da yawa mace ce ke kwana ciki: marainiyar da aka sayar da gonar gado ba da saninta ba, ko matar mamacin da tumunin takabarta ya maƙale. Irin waɗannan mata sun fi sakin jiki su faɗi damuwarsu ga 'yar'uwarsu mace. Shi ya sa 'yarki ko ƙanwarki da ta karanci lauya, take son ƙwarewa a harkar filaye da gidaje, ta cancanci a tsaya mata.

Hanyar doguwa ce: shekara biyar a jami'a, shekara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi, irin reshen Bagauda da ke Kano, sannan bautar ƙasa. Amma duk wannan share fage ne. Aikin fili a hannu ake koyonsa, wurin wanda ya daɗe a cikinsa.

Dubi abin da ke jiranta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da satifiket ɗin mallaka, kuma sayar da filin da ke da irin wannan takarda ko jinginar da shi yana buƙatar sahalewarsa. Rigima a kan irin wannan fili Babbar Kotu ake kai ta, alhali rabon gadon Musulmi aikin kotun shari'ar Musulunci ne. Lauyar da ta shigar da ƙara inda bai dace ba ta jawo wa mai ƙara asarar kuɗi da lokaci.

Ga kuma fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da shi, daga littattafai irin su Tuhfa da Muhtasar. Akwai shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya na karɓar kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, ya biya kuɗin. Akwai hauzi, inda wanda ya zuba ido bare yana amfani da filinsa shekara goma, ba tare da uzuri ba, zai iya rasa damar yin ƙara. Sannan gonar Kiyawa ko Jahun ba lallai a same ta da satifiket ba. Sai an bi mai unguwa da dagaci da maƙwabtan iyaka. Yadda ake bincike a ma'aikatar ƙasa, da yadda ake gane dillalin da ya sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, babba ne ke nuna wa ƙarami. Da tsohuwar zuma ake magani.

To, wane irin jagora za ta nema? Wanda aka shaida da amana a kan kuɗin mutane, domin kuɗin ciniki kan biyo ta hannun lauya. Wanda zai ba ta fayil ta rubuta yarjejeniya, ya gyara mata, ya tafi da ita kotu, ba wanda zai mayar da ita 'yar aike ba. In an sami babbar lauya mace, madalla. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da ta lauyoyi Musulmi, MULAN, wuraren nema ne. In namiji ne, a zaɓi ofis mai jama'a, a kiyaye keɓewa, kuma maigida ko mahaifi ya san wurin.

Naki aikin, uwargida, shi ne haƙuri. Albashin shekarun farko kaɗan ne, kada a matsa mata ta bar wurin koyo don kwaɗayin la'ada. A taimaka mata da reno ranar da za ta fita duba fili a Birnin Kudu. Kada kuma a nemi ta kwashe sirrin masu ƙara ta kawo gida.

Mai Shari'a Aloma Mukhtar ta fara ne a 1967 a matsayin ƙaramar lauyar gwamnati mai koyon aiki, sai a 2012 ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya. Shekara 45 ke nan. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya haɗa su da jagorori na gari, amin.