Rabin sakan da ya tona asiri

Akwai manhajojin kwamfuta da ba na wani kamfani ba ne. Rubutun umarninsu a fili yake, kowa na iya karanta shi, ya kawo gyara, ko kuwa ya kai rahoton ɓarakar da ya gani. Aikin gayya ne sosai, sai dai masu yin sa sau da yawa ba su taɓa ganin fuskar juna ba.

Ɗaya daga cikinsu ita ce XZ, ƴar ƙaramar manhaja mai matse bayanai don su rage cin wuri. Kusan duk kwamfutar da ke aiki da tsarin Linux tana ɗauke da ita, har da manyan na'urorin bankuna da na ma'aikatu. Amma shekara da shekaru mutum guda ne ke kula da ita, Lasse Collin, a lokacin hutunsa kuma ba tare da albashi ba.

A shekarar 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara aiko masa da gyare-gyare. Gyaran na da kyau, mutumin kuma ga ladabi ga haƙuri. A 2022 waɗansu suka yi ta matsa wa Collin lamba, wai aiki ba ya sauri, a nemo mataimaki. Sannu a hankali Jia Tan ya samu amana, har aka ba shi ikon fitar da sabon bugu da hannunsa. A cikin bugu na 5.6.0 da na 5.6.1, na watannin Fabrairu da Maris 2024, ya ɓoye wata ƙofar baya wadda mai riƙe da makullinta zai iya shiga kwamfutar mutane daga nesa, ya ba ta umarnin da ya ga dama.

Wanda ya gano shi ba ɗan sanda ba ne. Andres Freund ne, injiniya Bajamushe mai aiki a Microsoft, wanda a lokacin wani gwaji daban yake yi. Ya lura cewa shiga kwamfutarsa daga nesa ya ƙara jinkirin kamar rabin sakan, na'urar kuma tana wahala fiye da ƙima. Da wani ne, sai ya ce halin na'ura ne, ya wuce. Shi kuwa ya bi sawu har gindin abin. Ran 29 ga watan Maris 2024 ya fitar da rahoto mai tsabta: ga lambar bugun, ga abin da ya yi, ga abin da ya gani, ga kuma yadda kowa zai duba tasa kwamfutar ya tabbatar. Irin wannan rahoto shi masu gyara ke buƙata, domin "ba ta aiki" kaɗai ba ya kai kowa ko'ina.

Nan take Debian da Red Hat suka janye gurɓataccen bugun, tun bai kai ga yawancin jama'a ba. A watan Mayu Collin ya fitar da bugu na 5.6.2 bayan ya toshe ƙofar.