Yadda gayyatar baƙo ta jefa Italiya cikin yaƙin shekara 65

A shekarar 1494 Italiya ba ƙasa ɗaya ba ce, masarautu ne masu arziki da ke gaba da juna. Ludovico Sforza, mai riƙe da Milan, ya zuga Sarkin Faransa Charles na Takwas ya zo ya ƙwace Naples daga hannun abokan hamayyarsa.

Faransa ta shigo, Sifaniya ta biyo baya, suka mayar da ƙasar fagen fama. A 1527 sojojin sarkin Sifaniya, waɗanda ba a biya su albashi ba, suka wawashe birnin Rum. Yarjejeniyar 1559 ta bar Milan da Naples a hannun Sifaniya.

Shi kuwa Sforza, Faransawan ne suka kama shi a 1500, ya rasu a kurkukunsu a 1508.