Yadda Ake Lissafin Aiki a Ilimin Fiziks

Ƙarfi shi ne turi ko jan da ke sauya motsin abu, kuma dokokin da Isaac Newton ya wallafa a 1687 ne tushen lissafinsa. Aiki kuwa ana samunsa idan aka ninka ƙarfi da tazarar da abin ya gusa ta inda ake tura shi, ma'auninsa kuma jul. Tun da jan ƙasa niwton 9.8 ne a kowane kilo, ɗaga buhu mai kilo 50 na buƙatar niwton 490, wanda a tsayin mita 2 ya zama jul 980. Inda ɗalibai suka fi ruɗewa shi ne batun ɗan dakon da ke tsaye da buhun a ka, domin duk gumin da ya haɗa, lissafi bai ƙirga masa aiki ba tunda buhun bai gusa ba.